Lambu da dandamalin kiɗa a gefen Bonn: yadda aikin ke tafiya

4 ga Mayu

Aikin bana biyu ne a fili ɗaya. Lambun unguwa ne a gefen birnin Bonn na ƙasar Jamus, ba nisa da kogin Rhine: fangali goma sha biyu na kayan miya, layin wardi a bakin hanya, da filin ciyawa mai tsawon mita 14 da faɗin mita 9. A kan ciyawar nan za a zaunar da mutum 60 ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yuni, su saurari makaɗa huɗu na tsohon kiɗan Turai, wato biyolin biyu, biyola ɗaya, da babbarsu cello, dukkansu kayan kiɗa masu tsirkiya da ake gogawa da baka kamar goge. Babu lasifika, babu na'urar ƙara sauti.

Daga ranar kiɗan ake ƙirgo kwanaki a dawo baya. Sabuwar ciyawa tana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ta ɗauki nauyin kujera da takun mutane, saboda haka ita ce farkon layi. Sanyin hunturu ya bar gansakuka da tabon ƙasa tsirara a kusan murabba'in mita 40, galibi a ɓangaren inuwa. An yanke ciyawar ƙasa-ƙasa zuwa santimita 3, an kankare gansakukar da manjagarar ƙarfe, an soka cokalin haƙa zurfin santimita 10 a duk taku ɗaya inda ƙasa ta daddale. Ma'aunin da aka binne ya nuna digiri 11 da safe. Ƙasa da digiri 10 irin ciyawa kwanciya kawai yake yi, tsuntsaye su tsince shi.

9 ga Mayu

An watsa iri kilo ɗaya, giram 25 ga kowane murabba'in mita, rabi a tsaye rabi a kwance don kada ya fito layi-layi. An rufe da yashi gauraye da tankaɗaɗɗen takin ganye, kaurin da bai kai santimita ɗaya ba, aka danne da falanki. Daga nan sai yayyafi na minti goma sau biyu a rana. Irin da ya fara tsaga ya bushe ko da na yini ɗaya ne ya mutu, kuma ba ruwan da zai dawo da shi. An kewaye wurin da igiya.

Tumatir, tattasai da kokwamba suna nan cikin tukwanensu. Da rana a fito da su inuwa, da yamma a mai da su ɗakin gilashi, kullum ana ƙara musu awa ɗaya ko biyu a waje. Dashen da aka ɗauko kai tsaye daga bayan gilashi aka kai rana, ganyensa fari yake yi kamar an zuba masa ruwan zafi, ya yi mako biyu a tsaye bai ƙaru ba.

16 ga Mayu

Masu lambu a Jamus ba sa dasa abin da ke tsoron sanyi sai kwanakin 11 zuwa 15 ga Mayu sun wuce, waɗanda suke kira Eisheilige, domin a tsakiyar watan iskar arewa takan dawo da dare mai daskarar da raɓa. Kwarin Rhine ya fi yawancin ƙasar ɗumi, amma ba mu ga ribar gaggawa ba: tumatirin da aka dasa a ƙasa mai sanyi ba ya riga wanda ya jira nuna.

Yau aka dasa tumatir 24 a fangali uku, santimita 60 tsakanin kowane biyu. An cire ganye biyu na ƙasa, an binne karan har kusa da ganyen da ya rage, domin duk inda ƙasa ta taɓa kara saiwa ce za ta fito. Kowane rami ya sami cikin shebur ɗaya na takin ganye da lita biyu na ruwa. Sandar jingina mai tsawon mita 1.8 ana kafa ta kafin a sa dashen, ba bayan ba, don kada ta tsinka saiwa. A sama an ɗora rufin leda mai haske, gefe huɗu a buɗe. Rufin nan shi ne rabin noman tumatir a ƙasar nan. Cutar da ke baƙanta ganye da 'ya'ya tana kamawa ne idan ganye ya kwana a jiƙe, kuma tana iya cinye fangali cikin mako guda.

Wake an shuka shi zurfin santimita 3. Kabewa guda huɗu, kowace da murabba'in mita ɗaya nata.

20 ga Mayu

Ciyawa ta tsiro, siririya kamar gashi. Ba a taka ta ba tukuna.

Dodon-koɗi marar kwanso ya shiga latas da kabewa bayan ruwan dare biyu. Kabewa ɗaya ta tafi gaba ɗaya, sai kara. Abin da ke aiki uku ne a haɗe. A daina ban ruwa da yamma, a koma asuba, don ƙasa ta bushe kafin su fito. A shimfiɗa tsofaffin falankai tsakanin fangali, da safe a ɗaga a kwashe waɗanda suka fake. Sannan a watsa ƙwayar magani mai sinadarin ƙarfe, kimanin giram 5 a murabba'in mita, a warwatse ba a tara ba. Kwanon giya da wasu ke binnewa ba mu yarda da shi ba, warinsa yana jawo na maƙwabta su ƙaru a kan namu.

27 ga Mayu

An zauna da makaɗa an tsai da abin da za su kaɗa. Kiɗa na farko na mawallafin kiɗa Joseph Haydn ne, na biyu ɗaya daga cikin shida na farko da Beethoven ya rubuta wa makaɗa huɗu, waɗanda aka buga a 1801. Haɗin ya dace da garin. A Bonn aka haifi Beethoven a 1770, Haydn ya bi ta nan a tafiyarsa ta Landan, kuma a 1792 saurayin ya bar garin ya tafi Biyana, babban birnin Austriya, ya yi karatu a hannun Haydn. Akwai kuma dalili na aljihu: a Jamus haƙƙin mai kiɗa yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwarsa, Haydn ya rasu a 1809, Beethoven a 1827. Inda matsala za ta iya tasowa shi ne ɗan ƙarin da akan yi a ƙarshe idan tafi ya yi yawa. In sabon tsari ne na wani mai rai, sai an biya GEMA, hukumar da ke karɓar kuɗin haƙƙin kiɗa a Jamus. An roƙi makaɗan su zaɓi tsoho.

Sharuɗɗansu huɗu ne, kuma kowane yana da hujja. Rufi a kansu, ko da sama tana garau. Rana kada ta taɓa kayan kiɗa. Sanyi kada ya sauka ƙasa da digiri 16. Sai kujeru marasa hannu, masu shimfiɗaɗɗen mazauni.

Wanda bai taɓa riƙe biyolin ba zai ɗauka iyayi ne, alhali ba haka ba. Katakon fuskarta kaurinsa milimita uku ne ko ƙasa, kuma da mannen fata aka haɗa sassanta, wanda zafi da laima ke sassautawa. Fentin jikinta yana laushi a rana. Ta fi jin daɗin iska mai danshi kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Bakan da ake goga ta da shi izgar doki ce, kamar dai ta gogenmu, ana shafa mata ƙaro don ta kama tsirkiya. Da danshi ya ƙaru izgar takan miƙe ta saki, mai kiɗa ya yi ta ɗaure sukurun baka har ya kai ƙarshe, sauti ya dushe. Sanyi kuma yatsun hagu yake kamawa, kuma ba a kaɗa Haydn da sandararrun yatsu.

2 ga Yuni

Yankan farko na sabuwar ciyawa, da ta kai santimita 9. An wasa wuƙar injin tukuna, domin dakusasshiya tumɓuke jaririyar ciyawa take yi. An sauke zuwa 6, ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. Ban ruwa ya canza: maimakon yayyafin kullum, lita 15 ga murabba'in mita sau biyu a mako, don saiwa ta bi ruwa ƙasa. Ana ajiye gwangwani a fili a auna, santimita ɗaya da rabi a cikinsa shi ne lita 15. A tuna cewa doka ta hana tada injin yankan ciyawa a unguwar zama ranar Lahadi da ranakun hutu, da kuma daga takwas na dare zuwa bakwai na safe.

Shinge ba za a taɓa shi ba. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba dokar kare halittu ta hana sare shinge, sai ɗan gyaran fuska, kuma namu akwai sheƙar baƙin tsuntsun nan mai rawayan baki a ciki, da 'ya'ya.

An jiƙa ganyen Brennnessel mai ƙaiƙayi, kilo ɗaya a lita goma na ruwan sama. Kullum a motsa, bayan kamar mako biyu kumfa ta kwanta, a tace, a surka kashi ɗaya da ruwa kashi goma a zuba wa tumatir da kabewa a gindi. Taki ne mai kyau kuma kyauta, amma warinsa ba a magana. An sa shi yau ne don a gama da shi kwana goma kafin baƙi su zo.

6 ga Yuni

Yinin yau na auna wurin dandamali ne, kuma nan aikin ya fi cin tunani.

Wuri biyu ake dubawa. Na farko ƙarƙashin bishiyar linde, mai inuwa da ƙanshin fure. An soke shi. A wannan watan darɓa na cika ganyen linde, tana zubo da ruwa mai danƙo kamar na sukari. Takardar da aka shimfiɗa a ƙasa ta yi ɗigo-ɗigo cikin awa ɗaya, kuma abin da ya manne a takarda zai manne a fentin cello.

Na biyu gindin bangon bulo na ma'ajiyar kaya, a yammacin fili, tsayinsa mita 4. Shi aka ɗauka, saboda sauti. A cikin zaure bango da rufi suna dawo wa mai sauraro da kiɗa. A sarari babu mai dawowa, kuma duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel 6. Ciyawa da shinge shanye shi suke yi. Manyan bukukuwan sarari, irin wanda ƙungiyar makaɗan Biyana ke yi kyauta a lambun fadar Schönbrunn tun 2004, ko na makaɗan Berlin a dandalin Waldbühne da suke rufe kakarsu da shi, da lasifika suke cike wannan giɓi. Mu bango ne lasifikarmu. Yana tura sauti gaba, kuma yana sa makaɗan su ji junansu, wanda ya fi komai muhimmanci ga mutum huɗu da babu jagoran da ke tsaye gabansu yana nuna musu da hannu.

Matsalar bangon yamma ita ce jama'a za su fuskanci rana. Da ƙarfe bakwai na yamma inuwarsa a ƙasa ta kai kusan mita 9, amma wanda ke zaune, idonsa a tsayin mita 1.2, yana cikin inuwa ne kawai in bai wuce mita shida da rabi daga bango ba. Layin baya yana kusan mita 11. An warware da abu biyu: an mai da farawa bakwai da rabi, kuma za a ɗaga ragar inuwa mita ɗaya da rabi a saman bangon, a kan sanduna huɗu. Raga, ba tamfol ba. Tamfol yana kama iska yana faɗa-faɗa.

Lissafin lokaci ya zama haka: gabatarwa minti biyar, Haydn wajen minti 22, hutu minti 20, Beethoven wajen minti 27. Za a tashi kafin tara. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai goma saura kwata, don haka ba a bukatar fitila, kuma an kauce wa raɓa da dokar shirun dare da ke farawa ƙarfe goma.

11 ga Yuni

Sanyin tsakiyar Yuni da ake kira Schafskälte ya iso, dare ya sauka digiri 7. An lulluɓe kokwamba da wake da farin mayafin lambu. Tumatir ba ya mutuwa a wannan sanyi, sai dai furen da ya buɗe a irin waɗannan darare yakan zube ko ya ba da 'ya'ya masu murguɗaɗɗen gindi.

An gwada haɗa dandamali a kan daɓen siminti. Katakon dakon kaya 15, kowane santimita 120 da 80, biyar a jere layi uku, ya ba da faɗin mita 4 da zurfin mita 3.6. A sama allunan katako masu kaurin milimita 21. Gwajin farko ya yi ƙara, duk motsin ƙafa sai ƙiiƙ. Dalili katako na gogar katako. An sa yankakken roba tsakani, an ɗaure da sukuru duk santimita 30, aka tabbatar mahaɗar alluna ba ta faɗa kan mahaɗar na ƙasa ba. Ya yi shiru. Mai cello yana bukatar ɗan allo mai ramuka da ake maƙala wa ƙafar kujera, inda tsinin ƙarfen kayansa zai tsaya, in ba haka ba ya zame a tsakiyar kiɗa.

Ba za a ɗora dandamalin a kan ciyawa ba sai saura kwana biyu. Ciyawar da aka rufe kwana huɗu rawaya take yi.

16 ga Yuni

Mai biyolin ta farko ta zo da yamma a daidai lokacin da za a yi kiɗan, ta tsaya a gindin bango, mutum uku suka zauna a mita 6, 9 da 12. Har mita 11 ana jin komai, har da wuraren da kiɗan ke yin ƙasa-ƙasa. A 12 ƙananan sautuka sun fara ɓacewa cikin ƙarar hanya. Saboda haka layi shida ne na kujera goma-goma, santimita 90 tsakanin layi, hanya mai faɗin mita 1.2 a tsakiya, layin farko mita biyu daga bakin dandamali. Ba za a ƙara na bakwai ba ko da masu nema sun yi yawa.

Jirgin ƙasa na kaya da ke bin gaɓar Rhine ana jin sa, na kusan minti ɗaya. Ba shi da magani. Makaɗan sun ce in ya zo tsakanin wani kashi na kiɗan da na gaba za su jira ya wuce. Baƙin tsuntsun shinge ma ya hau kan rufi ya yi ta rera nasa tun daga takwas, kuma wannan babu wanda ya yi ƙorafi.

Iska ta juya takardar kiɗa sau biyu. Maƙalan shanya huɗu ga kowane mazaunin takarda sun isa ga iska mai sauƙi, amma suna hana juya shafi da sauri. Za a kwafi shafukan a manna su uku-uku a kan kwali, yadda juyawa za ta faɗo inda mai kiɗa ke da hutu. Ma'aunin danshi ya tashi daga 55 da bakwai da rabi zuwa 72 da tara da kwata. Wannan ya tabbatar da cewa lokacin tashi ba abin ɗagawa ba ne.

An zuba ruwan Brennnessel na ƙarshe, an wanke durom.

20 ga Yuni

Sauro. Duroman ruwan sama uku, biyu cike da tsutsa. A wannan ɗumi daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya ne zuwa biyu, wato daidai ranar. An juye su a gindin shinge, an goge bangon ciki da buroshi domin wani nau'in a nan yake manna ƙwansa, an ɗaure bakinsu da raga. An kife duk faranti da bokiti. Ba za a kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da dandamali ba, kuma an gaya wa masu taimako kada wanda ya shafa na fesawa ya taɓa kayan kiɗa, yana narkar da fenti.

Tumatir ya kai ƙugu. Kowane mako ana karye 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye tun suna santimita 5, da yatsa, da safe, a ranar da babu ruwa don ciwon ya bushe. Ruwa lita biyu zuwa uku a gindi, kwana biyu-biyu, ba a fashi. 'Ya'ya uku sun nuna baƙin tabo a ƙasansu. Ba cuta ba ce, sinadarin kalsiyam ne bai isa ga 'ya'yan ba saboda ƙasa ta bushe sannan ta jiƙe sharkaf. An baza busasshiyar ciyawa kaurin santimita 3 a gindi don danshi ya daidaita.

Latas ya fara miƙa kara saboda tsawon rana, an cire shi duka kafin ya yi ɗaci, an shuka karas a gurbinsa. Wardi ya wuce ganiyarsa da mako guda. An yanke waɗanda suka yanƙwane har kan ganye mai kunne biyar na farko, an tsince ganyen da ya yi baƙin tabo an kai shara, ba juji ba. Sabon fure sai bayan mako biyar ko shida, ba zai riski ranar ba. Furen lavender ne zai riƙe bakin hanya, ya fara buɗewa.

An sa wa maƙwabta takarda a akwatunansu, da lokacin farawa da na tashi, da gayyata.

23 ga Yuni

Kujerun da aka aro masu siririyar ƙafa ne, an gwada ɗaya ta nutse santimita 4 a sabuwar ciyawa. An musanya su da masu ƙafar ƙarfe a kwance. Ban ruwan ciyawa na ƙarshe gobe da asuba, yanka na ƙarshe gobe da yamma a santimita 4, a kwashe yankakken kada ya manne a takalma. Jujin taki ba za a juya shi ba sai bayan Asabar.

A takardar shiri za a rubuta cewa kowane kiɗa kashi huɗu ne, ana tafi a ƙarshen na huɗu, domin da yawa cikin masu zuwa wannan ne karonsu na farko, kuma bai kamata kowa ya ji kunya a kan abin da ba a gaya masa ba.

An kama ɗakin taron unguwa a matsayin mafaka, yana ɗaukar 60 ɗin. Ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana za a duba hasashen hukumar yanayi ta Jamus a yanke: in akwai ruwa ko tsawa tsakanin shida da tara, ko za a sauka ƙasa da digiri 16, ko iska za ta yi ƙarfi, a koma ciki, kuma ba a sake magana. Kwashe kujeru 60 yana cin awa ɗaya da mutum shida. Saura ɗaga raga da kafa dandamali ranar Alhamis, rumfar makaɗa da duwatsun danne ƙafafunta ranar Juma'a, sai a ɗaure tumatirin fangali na uku da ya fara rinjayar sandarsa.